Wa Ya Jiƙa Katifar Iya?

"Kai ne. Kai ka jawo mini wannan abin kunya, kuma yau sai ka wanke ni."

Mai gyara bai ko sauke tsaninsa daga kafaɗa ba Iya ta tare shi da wannan magana a ƙofar ɗakinta. Shi ya kafa mata na'urar sanyaya ɗaki wata huɗu da suka wuce, lokacin da autanta ya dage sai an sa mata esi. Ita ba ta roƙa ba. Mafici ya kawo ta shekara saba'in lafiya lau.

"Iya, ina kwana tukuna."

"Kwana a jiƙe. Shigo."

Kwana tara ke nan tana tashi ta tarar da katifa sharkaf, daga gefen bango har inda take kwanciya. Ta shinshina, ta san ba ita ba ce, amma wa zai yarda da tsohuwa? Matar Auta kan fitar da katifar rana, har ta shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanin gado. Shi kuwa Auta sai ya koma yi mata magana a hankali kamar mai jinya, wai ta rage shan ruwa da yamma. Jiya ƙanwarta ta bugo waya tana cewa, "Yaya, tsufa ne, kowa zai je." Nan Iya ta gane zance ya bar gida. Da safen nan ta ɗage labule ta shafa bango da tafin hannu, ta ji danshi ya yi layi tun daga ƙasan esi.

Mai gyara ya hau tsani ya buɗe murfin. Farantin da ruwa ke taruwa a ciki ya cika fal. Ya sauko ya zagaya bayan ɗaki inda tiyon da ke fitar da ruwan ya leƙo, Iya na biye da shi.

"Ga ɓarawonki," ya ce. "Zanzaro ya yi gini a bakin tiyo. Ruwa ya rasa hanya, sai ya koma ciki."

Ya zaro 'yar waya zai tsokale ƙasar, Iya ta cafke masa hannu.

"Kada ka taɓa."

"Ba gyara kika kira ni ba?"

"Ka gyara, shaidata ta bi rariya? Sai mai gidan ya zo ya gani da idonsa."

"Iya, gida uku ke jirana."

"Su ma an ce suna fitsarin kwance?"

Ta sa matar Auta ta kira mijinta daga wurin aiki, ita kuma ta koma ɗaki ta zauna daram a kan matakin tsanin, don ta san ba ya tafiya ya bar shi. Ta miƙa masa kofin ruwa. "Sha, ɗan nan. Ni aka hana."

Auta ya shigo yana haki, ya zaci faɗuwa ta yi. Iya ta tashi ta nuna wa mai gyara tsani. Ya hau ya tsiyaya rabin kofi a farantin. Ruwa ya tumbatsa, ya gangaro ta bayan labule salin alin, ya shige katifa. Sannan duk suka zagaya baya, mai gyara ya tsokale ginin zanzaro, ya sa baki ya hura. Ruwa mai yauƙi ya yi tsartuwa ya wanke wa Auta takalmin ofis. Matarsa ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Kin ga ba laifina ba ne," in ji mai gyara, yana ɗaure 'yar raga a bakin tiyon.

"Wa ya bar wa ƙwaro ƙofa a buɗe? Amma je ka, naka mai sauƙi ne."

Ta juyo ta dubi ɗanta da matarsa. "Wa ya gaya wa ƙanwata?"

Matar ta dubi mijinta, shi kuma ya dubi takalminsa.

"Shawara kawai na nema, Iya," in ji Auta.

"Wurin mutum nawa?"

"Ita kaɗai. Sai Yaya Babba. To, shi kuma ya sa a zauren dangi na waya, don a yi addu'a."

"Addu'a." Iya ta gyaɗa kai. "Ni da na wanke maka wando har ka shiga aji uku, ko maƙwabciya ba ta taɓa ji a bakina ba."

Mai gyara ya saɓi tsaninsa ya sulale.

Iya ta jawo kujera tsakar gida ta zauna, ta gyara ɗaurin ɗankwali.

"Fito da wayar. Ba rubutu za ka yi ba, ni ban iya karatu ba balle in san me ka ce. Ɗaya bayan ɗaya za ka kira su, ka buɗe murya ina ji, ka gaya musu wa ya jiƙa katifar nan da wa ya yi wa uwarsa ƙage. Fara da yayanka. Shi ma yana da amsar da zai ba ni."