Kumburin Ƙafar Mai Jego

Tun da Raihana ta dawo gidansu a Badafi wankan jego, mahaifiyarta Asma'u ba ta bar wuta ta mutu ba. Safe da yamma ruwa na tafasa, kunun kanwa ba ya yankewa, ƙarƙashin gadon ƙasa kuwa kullum da garwashi. 'Yan barka sai yabo suke: "Jego ya karɓe ta, dubi yadda ta murje!"

Asma'u takan yi murmushi, amma hankalinta a tashe yake. Yarinyar ba ta iya barci sai a jingine, daga ɗaki zuwa tsakar gida sai haki. To amma 'yar fari ce. Uwar da ko sunanta ba ta kamawa, ina ta ga bakin tambaya?

Ran nan da hantsi sai ga Malama Bushira, ma'aikaciyar jinya. Tana cikin masu bi gida-gida suna binciken ko zafi da hayaƙi da kanwa na taɓa zuciyar masu jego. Tana shiga ɗakin hayaƙi ya shaƙe ta.

"Ku 'yan boko ba ku da ƙwari," in ji Asma'u, tana dariyar yaƙe.

Bushira ta auna jinin Raihana. Sannan ta danna yatsa a ƙafarta. Wurin ya lotsa, ya ƙi tasowa.

"Inna, wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Ina tsoron zuciyarta ta gaji. A kai ta asibiti yau, a dakata da wutar nan da kanwa."

Asma'u ta ce, "'Yar nan, ko arba'in ba a yi ba! In sanyi ya shige ta fa? Dangin mijinta su ce na kasa?"

"Ba komai na sani ba, Inna, shi ya sa muke bincike. Amma wannan ƙafar na sani."

Asma'u ta kai hannu a hankali, ta danna ƙafar da kanta. Ramin yatsarta ya zauna. Ta ɗaga ido, ta dubi 'yarta sosai, ta ga yadda take kokawa da numfashi.

"Raihana," ta ce, "tun yaushe?"

Yarinyar ta fashe da kuka.

Asma'u ta durƙusa ta kwashe garwashin, ta leƙa zaure ta ce wa maigidanta ya nemo mota, yanzu-yanzu.