Kilo Goma Sha Bakwai na Mushe Salihu

Shekara talatin Mushe Salihu (haka ake kiran malamin boko a Nijar) ya yi yana koyar da lissafi a lakwal ɗin Filinge kafin ya aje aiki. Da wani likita a Yamai ya ce masa sukari ya fara hawa jininsa, sai ya dawo gida ya yanke tuwon dare, ya bar mai, ya bar hura. Cikin wata shida ya zubar da kilo goma sha bakwai. Tun daga nan mutane suka rasa sakat da shi.

Kowace Lahadi yana ratsa kasuwa cikin sabuwar riga da aka ɗinka daidai jikinsa, yana duban tumbin mutane kamar yana gyaran takardun jarrabawa. Ya ce wa Kailu mahauci, a gaban masu sayen nama, ƙiba lalacin zuciya ce. Bai ƙyale ko yayarsa Albarka ba, wadda ta yi zaman aure wajen makiyaya a Sanam, yanzu take sayar da nono a bakin kasuwa.

"Yaya, in kin kama bakinki wata ukku, tabarma guda za ta ishe ki zama."

Albarka ba ta ɗaga kai daga ƙwarya ba. Ta ce, "Salihu, yunwar gayya kaka yi, da rumbu cike. Ni na ga ta gaskiya shekarar da shanu sunka faɗi. Waɗanda sunka tsira, da ruwa ya sauka sai da sunka hi da ƙiba. Jira taka damina."

Ya yi tsaki ya wuce.

A wata na takwas abu ya juya. Sanyi yake ji da hantsi, cikin bazara, lokacin da kowa ke neman inuwa. Ƙamshin ƙosai daga nesa yana hana shi karatun jarida. Abincinsa bai ƙaru ba ko da loma, amma ma'aunin asibiti ya nuna kilo uku sun dawo. Ya ce wa majo Rashida, mai kula da masu ciwon sukari, ma'auninta ya lalace.

Rashida tsohuwar ɗalibarsa ce, ta sha bulalarsa a aji. Ta ce, "Mushe, ma'auni lahiya lau yake. Kitsen jiki yana aika wa ƙwaƙwalwa labarin abin da ke ajiye. Da ya ragu da yawa, sai ta ɗauka fari aka yi. Ta rage wutar da jiki ke ƙona abinci da ita, ta ƙara maka yunwa. Ba ta san rejim ba, ba ta san da gangan ka rage ci ba. Ka ci kaɗan-kaɗan sau ukku, ka riƙa tahiya da sahe. Ko rabin kilon da ka zubar ne bai dawo ba, sukarin zai sauka."

Ya dube ta sama da ƙasa. "Ke da ba ki iya rabawa ba sai da yatsu, ke za ki gaya mini abin da ƙwaƙwalwata ke nuhi? Tawa ce. Ni ka ba ta umurni."

Ya koma gida ya yanke abincin rana shi ma, ya rage sai shayi da ganyen zogale.

Lahadi ta uku bayan haka, yana tsaye a rumfar masu gero yana yi wa wani ɗan tireda bayanin ƙarfin zuciya, ƙafafunsa suka saki. Ya faɗi da fuska cikin buhu. Kailu mahauci ne ya ɗauke shi da hannu ɗaya ya aza a kan amalanken jaki.

"Ba shi da nauyi ko na akuya," in ji Kailu ga masu kallo. "Sai bakin."

Kwana biyu ya yi a asibiti. Albarka ta zo da hura mai nono, ta aje, ta zauna tana kallonsa har ya shanye ya lashe ludayi. Ba ta ce masa sannu ba.

Kafin kaka kilo goma sha ɗaya sun dawo. Ya fara bin shawarar Rashida, amma a gari yana cewa shi ya gano hanyar da kansa cikin wani littafin Faransanci. Rashida ta ji, ba ta musa ba. Kasuwa kuwa sai ya riƙa aika matarsa.