Tsohuwar Tela

Duk ranar hutu da la'asar, Tela yakan tura keken ɗinkinsa jikin bango, ya kwashe yadukan mutane daga kan benci, ya ɗora tsohuwar talabijin a kan teburin yanka. Kafin ya gama jona wayoyi, Mai Aski na shagon kusa ya riga ya leƙo yana karkaɗe gashi daga rigarsa. Direba kuwa sai ya makara, kullum da labarin cunkoso a bakinsa, ko da motar tana wurin gyara. Su ukun nan magidanta ne, furfura ta fara yi musu sallama a gemu, amma in suka zauna gaban wasan faɗa na bidiyo, ihunsu har bakin titi ake ji.

Wasan ba shi da wuyar ganewa. Mutum biyu ne ke yi, kowa da abin dannawa, wanda suke kira hannu. Kowa ya zaɓi gwaninsa cikin 'yan faɗan da ke jere a allo, ɗaya ya tsaya hagu, ɗaya dama, a yi ta jibgar juna har jinin wani ya ƙare. Jinin nan ba abin tsoro ba ne, wani jan layi ne a saman allo da ke raguwa in an doke ka.

Mai Aski gwaninsa wani siriri ne mai takobi biyu, wai aikinsu ɗaya. Direba na tare da wani ƙaton ɗan kokawa mai ƙirji kamar gaban tirela. Tela kuwa, duk da samudawan da ke cikin wasan, wata gajeriyar tsohuwa ya ɗauka, mai tabarau da koriyar riga, makaminta lema. Ranar da ya fara zaɓenta har ƙasa abokan suka faɗi don dariya. Shekaru suka yi ta wucewa, dariyar ta tsufa ta mutu, tsohuwa tana nan. Ya san tsawon lemarta kamar yadda ya san tsawon almakashinsa. In aka doke ta, sai ya dafa nasa ƙugun ya ce, "Sannu, Iya." Ba wasa yake yi ba, son ta yake yi har zuciya.

A shagon akwai doka, kuma Tela ne ya kafa ta: gwani ɗaya, mutum ɗaya. Asalinta wata rigima ce da Mai Aski da Direba suka taɓa yi a kan ƙaton ɗan kokawar, har suka daina gaisawa. In mutum biyu suka so gwani ɗaya, sai su kara da shi su biyun. Wanda ya fara cin zagaye biyu ya riƙe, ɗayan ya haƙura har abada.

Akwai kuma wani abu da ba a taɓa kiransa doka ba, don ba wanda ya taɓa furta shi. Tela shi ne babba, Yaya suke ce masa, saboda haka hannun farko nasa ne, tsohuwarsa kullum daga hagu take farawa tana kallon dama. In faɗa ya yi zafi wani ya tsallake kanta ya dira a bayanta, har ta koma dama, sai abokin karawar ya ɗaga yatsunsa ya jira. Tela ya yi tsalle ya koma hagunsa, wani lokaci ma ya kurɓi shayi, sannan a ci gaba. Girmamawa ce ta fara shi, sabo ya riƙe shi. Shi kansa Tela ya ɗauka haka kowa ke wasan a duniya.

Ana nan sai Auta, ƙanwar Tela, ta turo mijinta shagon. Akawu ne a wani ofis, mutum mai sanyin murya, mai guge riga har ta yi kaifi. Ta ce ya gaji da zaman gida ranar hutu, ita ma ta gaji da ganinsa. Ya shigo da sallama, ya ɗan rusuna ya gaida surukinsa, aka miƙa masa hannu na biyu. Ya duba allo bai yi wata-wata ba, ya dire a kan tsohuwa.

Mai Aski da Direba suka dubi Tela.

"Malam Akawu," in ji Direba a hankali, "wannan ai tana da mai ita."

Da aka yi masa bayani, Akawu ya rikice. "Wayyo, Yaya, ka yi haƙuri, ban sani ba. Tun ina makaranta ita nake ɗauka, hannuna ne ya saba. Bari in canza."

Da a nan maganar ta tsaya, da babu labari. Amma Mai Aski mutum ne da ba ya ganin wuta ya wuce bai hura ba. Ya gyara zama ya ce, "A'a, ina dokar take? Lokacin da aka raba ni da ɗan kokawa ba wanda ya ce a canza. Ko dai wanzami ba ya son jarfa ne, Yaya?"

Tela ya ji maganar har ƙafarsa. Ya karɓi kyauta daga mijin ƙanwarsa a gaban mutane, a ce tsoro ya ji? Ya ɗaga haɓa ya ce doka doka ce, ranar hutu mai zuwa za a kara. Ya faɗa da ƙarfi ƙwarai, sannan ya hau naɗe wayoyi.

Makon nan masu kawo ɗinki suka sha wuya. Wasan yana da filin atisaye, inda ake tsayar maka da wani gunki ka yi ta duka ba ya ramawa. Nan Tela ya tare. Akwai wani dogon duka da yake son ya ƙware a kai: ƙasa, gaba, lema ta ɗaga mutum sama, a tare shi da gwiwa, a ƙara masa a ƙeya kafin ya sauko. Yana taka keke yana cewa ƙasa, gaba, lema. Yana guga, ƙasa, gaba, lema. Wani bawan Allah ya zo awon wando, Tela ya durƙusa da tef yana ta wannan wuridi, mutumin ya tsorata ya ce zai dawo wani lokaci. Wata mata ta karɓi rigar ɗanta ta tarar hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, Tela ya ce ai yaro ne, zai girma ya cike.

Mai Aski ya leƙo wata rana ya tsaya yana kallo. "Yaya, wannan gunkin me ya yi maka? Ko ƙifta ido ba ya yi."

"Haka zan mayar da Akawu," in ji Tela, idonsa na kan allo.

Ana saura kwana kaɗan Auta ta biyo da kanta, ta zauna a kan tulin ƙyalle ta marairaice. "Yaya, don Allah ka bi min miji a hankali. Mutum ne mai kunya, in ka wulaƙanta shi ba zai ƙara fita ba." Tela ya ce zai duba. Tana fita ya ji kansa ya kumbura, ya ƙara wa gunki wani zagayen.

Ranar ta zo. Direba ma bai makara ba. Aka zauna, Tela a hagu, Akawu a dama, tsofaffi biyu suka bayyana a allo, iri ɗaya sak, sai dai ta Tela koriyar riga, ta Akawu shuɗiya. To, talabijin ɗin ta ga jiya ta ga yau, kore da shuɗi a wurinta 'yan uwa ne na jini.

Zagayen farko abin kallo ne. Akawu ya matso da ladabi, Tela ya sakar masa ƙasa, gaba, lema. Tsohuwar Akawu ta tashi sama, ta ci gwiwa, ta ci ƙeya, ta sauko ta sake tashi. Kafin a ce me, jininta ya ƙare. Direba ya buga benci, Akawu da kansa ya tafa ya ce, "Kai, Yaya, hannunka akwai kyau." Tela ya yi murmushin manya, ya zuba shayi.

A zagaye na biyu Akawu ya ga gaba ba ta biyuwa, sai ya yi abin da kowane mai hankali zai yi. Ya tsallake kan tsohuwar Tela ya dira a bayanta. Tela kuwa ya saki hannu ɗaya, ya miƙa ya ɗauki kofinsa, yana jiran a ba shi hanya ya koma gida. Kofin bai kai bakinsa ba ya ji ƙau! Lema ta sauka a kan Iya.

"Kai!" in ji Tela, shayi a cinyarsa.

Akawu bai ji ba. Baƙo ne, ba wanda ya gaya masa komai, ya sunkuyar da kai yana ta aiki kamar mai cike takardun ofis. Tela ya cafke hannu ya danna ƙasa, gaba, lema. Sai dai gaban da yatsunsa suka sani dama ne, yanzu kuwa dama ta zama baya. Maimakon duka, tsohuwa ta ja da baya, ta buɗe lema ta tsugunna a ƙarƙashinta kamar mai jiran ruwa ya ɗauke. Ya sake dannawa, ta sake tsugunnawa. Ya karkata kansa ko allon zai gyaru, bai gyaru ba. Da abin ya ishe shi sai ya juya hannun gaba ɗaya, sama ta koma ƙasa. Yanzu hagu da dama sun daidaita, amma duk sanda ya nemi ƙasa sai Iya ta yi tsalle. Haka ta yi ta tsalle-tsalle a lungu ana tare ta da lema har ta faɗi.

Mai Aski ya cusa fuska cikin wani yadin labule, kafaɗunsa na rawa. Direba ya buɗe baki zai yi wa Akawu bayani, sai ya rasa me zai ce. A ce masa ya daina duka in yana cin nasara? Abin da aka yi shekaru ana yi, yau da aka zo faɗinsa sai ya ƙi faɗuwa. Sabo turken wawa, kuma su ukun ne suka kafa turken tare.

Zagaye na uku Tela ya dawo hagunsa, ya share gumi da tef a wuya. Aka cakuɗe a tsakiya, lema na haɗuwa da lema, ƙura ta tashi a allo. Cikin wannan hargitsi Akawu ya sake tsallakewa, Tela bai gani ba. Da ƙura ta lafa, ya dubi hagu kamar yadda idonsa ya saba, ya ga tsohuwa tana ruwan duka. Ransa ya yi fari.

"Yawwa, Iya! Ba ta! Ƙara mata!" Ya miƙe tsaye yana danna duk abin da yatsa ya samu. "Ka gani, Akawu? Wannan ake kira atisaye! A ƙeya, Iya, a ƙeya!"

Tsohuwar dama ta zube. Ta hagu ta gyara tabarau ta jingina da lemarta. Tela ya ajiye hannu ya taka rawa daga teburin yanka har bakin ƙofa, ya dawo yana miƙa wa kowa hannu. Ba wanda ya karɓa. Direba ya nuna allo da leɓe.

"Yaya," ya ce, "dubi rigar."

Tela ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashi. Wadda ke tsaye shuɗiya ce. Koriyar tana kwance a dama, lemarta a gefe, kuma shi da bakinsa ya yi ta cewa a ƙara mata. Wannan ne ya fi yi masa ciwo, fiye da shan kayen ma. Ya zauna a hankali a kan benci, dariyar Mai Aski ma ta tsaya.

Sai a lokacin Direba ya daure ya warware wa Akawu zancen hagu da jira. Akawu ya dafe kai. "Innalillahi! Yaya, wallahi ban sani ba. A sake. Ko ma ba a sake ba, na bar maka ita, ni ko wanne aka ba ni zan ɗauka."

Tela ya dubi allo. Yana so ya ce to, Allah ya sani yana so. Amma ya dubi Mai Aski, wanda dokar nan ta raba da ɗan kokawa kuma ya haƙura, ya girgiza kai.

"Ka ci, Akawu. Ba ka yi ha'inci ba. Mu ne muka lalata kanmu." Ya ɗauki hannun. "A ci gaba da wasa."

Allon zaɓe ya dawo. Ya yi ta yawo cikin fuskokin da bai taɓa kulawa da su ba, a ƙarshe ya tsaya a kan wani mutumin ƙarfe mai guduma, don kawai shi ne a kusa. Aka buga ƙararrawa. Ga Iya can a dama tana tahowa da ɗan ɗingishinta, tana kaɗa lema. Mutumin ƙarfe ya ɗaga guduma, ya tsaya, ya sauke. Tela ya danne madannin kariya ya riƙe. Lema ta yi ta sauka, jininsa na raguwa kaɗan-kaɗan, bai rama ko sau ɗaya ba.

"Yaya, kai mata duka mana!" in ji Direba. "Ga ta nan a buɗe!"

"Na gani," in ji Tela. "Ba zan iya ba."

Ya ci gaba da kallonta har jinin ya kusa ƙarewa. Can ya ɗan karkata wajen Akawu, ya rage murya yadda sauran ba za su ji ba.

"In za ka ɗaga lemar, ka ɗan jinkirta," ya ce. "Ba ta son gaggawa."