Abin da Kaka Yake Ragewa a Faranti

Ku yi mini afuwa tun kafin mu yi nisa. Ban taɓa rubuta labari ba, karanta na mutane kawai na iya, kuma ko wannan shafin sai da na yage shi na sake, na kuma sakewa. Idan kun ga na yi tuntuɓe a hanya, ku ɗauke kai. Abin da zan ba ku ma ba wani babban al'amari ba ne. Labarin faranti ne, ni kuwa mai wanke-wanken gidanmu ce.

Mu huɗu ne muke zama cin abinci: Mama, da Yaya, da ni, da Kaka, wato mahaifin Mama. Abbanmu direban babbar mota ne, sai ya yi makonni a hanya. Yaya tana aiki a ɗakin ajiyar kaya na wani gidan abinci, inda ko albasa ba ta fita sai an ɗora ta a sikeli. Ran nan ta dawo daga aiki, ta ɗaga murfin kwandon shara za ta jefa ɓawon lemo, sai ta tsaya cak. Ga shinkafar shekaranjiya, ga rabin kabeji ya yi baƙi, ga burodi ya yi gashi.

"Mama," ta ce, "wannan kwandon ɗan wa ne a gidan nan? Na ga ya fi kowa samun abinci."

"In kin iya, ki karɓi kicin ɗin," in ji Mama. Wasa take yi. Yaya kuwa ba ta san wasa ba.

Tun daga ranar aka daina zuwa kasuwa sai an leƙa firij tukuna, kuma abin da zai riga lalacewa shi ake fara ci. Burodin da ya kwana ba a zubarwa, gasa shi ake yi har ya yi ƙaras-ƙaras. Karas da kabeji ɗanyu muke ci, wai sun fi amfani haka, ga shi ba su taɓa gas. Nama ma ta hana a bar shi yana ta tafasa. "Da ya daina ja, a sauke," in ji ta. Asabar ta zama ranar ragowa: duk abin da ya saura a firij a haɗa a cinye. Sai doka ta ƙarshe, wadda ta fi alfahari da ita: duk wanda ya rage abinci a farantinsa, gobe za a rage masa daidai abin da ya rage.

Kaka ya sara mata da cokali. "An gama, Sajan." Sunan kuwa ya bi ta.

Gaskiya tsarin ya yi aiki. Kwandon ya rame, gas ya daina ƙarewa a tsakiyar wata, Mama ta daina tsaki in ta dawo daga cefane. Ni ma na ji daɗi, don tukwanen sun ragu.

In ina wanke-wanke nakan jingina littafi a jikin taga in riƙa karantawa. Amma akwai ranakun da littafin ya ƙare, wani bai samu ba, sai na koma karanta farantan. Kada ku yi mini dariya, faranti yana magana. Na Mama kullum da albasa a gefe, an jera ta kamar za a ƙirga. Na Yaya tas, ka ce ba a ci a ciki ba. Na Kaka kuwa da can ko ƙashi ba ya dawowa da siffarsa, sai dai gari.

Kaka kafinta ne, ko da yake ya daina fita aiki. Yana da ɗan lungunsa a bayan gida, da benci da zarto da gwangwanayen ƙusa. Tun ina ƙarama na san shi da ƙusoshi jere a baki, yana zaro su ɗaya-ɗaya yana bugawa, yana kuma magana ta gefen leɓe. Murfin kwalba da haƙori yake ɓalle shi. In baƙo ya zo sai ya ƙwanƙwasa haƙoran da farce ya ce, "Waɗannan sun fi filaya."

To, farantin wannan mutumin ne ya fara dawowa da saura.

Yaya ta bi dokarta. Ya rage, ta rage masa. Ya sake ragewa, ta sake ragewa. In Mama ta ce, "Baba, wannan zai ishe ka?" sai ya shafa ciki ya ce, "Alhamdu lillahi, cikin tsoho ai aljihu ne."

Ni dai abin bai zauna mini ba. Na riƙa ɗaga farantinsa kusa da tabarau kafin in tsoma shi a ruwa. Nama yana nan, an ɗan taɓa shi ta gefe ɗaya an tura ƙarƙashin ganyen kabeji. Karas yana nan. Ɓawon burodi yana nan. Amma miyar an suɗe ta ƙal, har ana ganin sawun yatsa. Na yi ta juya abin a raina: wanda ya ƙoshi yana suɗe miya? In kuwa bai ƙoshi ba, me ya haɗa shi faɗa da nama?

Sai na fara kallonsa shi kansa, ta saman littafi, don kada ya gane. Da safe yakan tsoma burodi a shayi ya bar shi har ya narke, sannan ya kamfata da cokali. Agogonsa ya fara yi masa yawa a tsintsiyar hannu. Wata rana na iske shi yana huda sabon rami a bel ɗinsa.

Ranar da ƙafar kujerar Mama ta saki, ni na kai masa ita lungu. Na tsaya ina riƙe masa. Ya ɗebo ƙusoshi, hannunsa ya tafi wajen baki kamar yadda ya saba, sai ya fasa, ya zuba su a aljihun riga.

Ni ba gwanar tambaya ba ce, amma na daure. Na ce, "Kaka... haƙori ne?"

Gudumar ta tsaya a sama. "Ke 'Yar tabarau, wa ya aiko ki?"

"Ba kowa. Farantinka ne."

"Farantina ne ya kai ƙarata?" Ya yi dariya, amma da baki a rufe. Ya leƙa ƙofa, sannan ya rage murya. "Na can ciki ne, na tauna. Rawa suke yi, sama da ƙasa. In na ɗora musu naman Sajan sai in ji har tsakiyar kaina."

"To ka faɗa wa Mama mana."

"In faɗa mata ta kwashe ni a je a zare su, a ba ni na roba, in riƙa kwana ni a gado haƙorana a kofi? Ni?" Ya buga ƙusar da ƙarfi. "Kuma yarinyar nan ta yi ƙoƙari. Da can, rabon da in ga uwarku ta dawo daga kasuwa fuskarta a sake, har na manta. Ba ni zan rushe mata tsari ba saboda tsoka ɗaya. Ki riƙe bakinki, kin ji ko?"

Na ce na ji.

Na yini ina neman mafita. In na faɗa, na karya alkawari, na kuma kunyata shi. In na yi shiru, Yaya za ta yi ta ragi har farantin ya koma na kyanwa. Kuma ba zan iya cewa a daɗe ana dafa nama ba, don za a ce don me.

Sai na tuna wani littafi da na taɓa karantawa, na wasu matafiya da itace ya yi musu ƙaranci. Sukan tafasa tukunya sau ɗaya, su sauke, su naɗe ta da bargo, zafin cikinta ya ƙarasa dahuwar. Ban sani ba ko gaskiya ne ko marubucin ne ya ƙaga. Na dai ƙudura zan gwada.

Ranar Juma'a na ce, "Yaya, ki bar mini girkin gobe."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke? Ke da kika bar ruwan shayi ya ƙone kina karatu?"

"Ai ragowa ce, ba abin da zan ɓata."

"To. Amma kada in ji gas yana ta huci. Kuma duk abin da ke firij ɗin nan, gobe ne wa'adinsa."

Da safe na fito da komai: ɗan wake, ɗan shinkafa, dankali da ya fara tsiro, karas da ya yi yaushi, da naman da ya saura. Na zauna na yayyanka naman ƙanana-ƙanana har yatsuna suka yi tsami. Na gurza karas ɗin, na haɗa su duka a tukunya da tumatir da albasa, na bari ta tafasa sosai, na kashe wuta. Sannan na ɗauko tsohon bargon Abba na naɗe ta, na cusa a kwali, na ɗora matashi a kai.

Mama ta shigo ɗaukar kofi ta ga kwalin. "Ikon Allah. Tukunyar ce ba ta da lafiya?"

"Barci take yi," na ce, kunyar duniya ta ishe ni.

Na kasa karatu ranar. Bini-bini sai in je in sa hannu ƙarƙashin bargon in ji ko da sauran zafi. Da lokacin cin abinci ya yi na buɗe, tururi ya bugi tabarau ɗina har na daina gani. Da na goge, na danna dankali da bayan ludayi, sai ya baje. Naman ma haka. Ashe marubucin bai yi ƙarya ba.

Sai dai abin ba kyan gani. Yaya ta ɗaga ludayi ta saki. "Wannan abinci ne ko kwaɓin siminti?"

"Zuba mini, ni na san siminti," in ji Kaka.

Ta zuba masa ɗan rabonsa na kullum, wanda bai rufe tsakiyar faranti ba. Ya ɗiba a hankali, ya juya shi a baki kamar mai taka gada da bai yarda da ita ba. Sai ya sake ɗiba. Ya yi ta ci har cokali ya fara kankarar faranti. Ya miƙa shi.

"Sajan, dokar taki ta hana ƙari?"

Yaya ta buɗe baki. "Kaka, kai da kake cewa cikinka aljihu ne?"

"Yau babbar riga na sa."

Ta ƙara masa, ta kuma ƙarawa. Ita dai murna take, ragowa ta samu mai ci. Mama ce ta ajiye cokalinta. Ta dubi yadda yake haɗiyewa ba tauna, ta dubi agogon da ke lilo a hannunsa, sannan ta juyo gare ni. Na sunkuyar da kai ina ƙirga ƙwayoyin wake.

Can sai na ji ta ce, "Wash!" Na ɗago, na ga ta dafe kunci. "Haƙorin nan ya dame ni kwana biyu. Baba, don Allah jibi ka raka ni wurin likita. Ni kujerar nan tasu tsoro take ba ni."

Kaka ya harare ni ta wutsiyar ido. Na girgiza kai kaɗan, don Allah ya sani ban faɗa ba. Ya daɗe yana kallon 'yarsa, ita kuwa ba ta sauke hannu daga kuncin ba.

"'Ya'yan yanzu," ya ce, "haƙori kamar alli. To, zan raka ki. In likitan yana son ya ga haƙori na gaske, sai in buɗe masa nawa ya leƙa."

Yaya ta dubi Mama, ta dubi Kaka, ta dubi farantin da aka share. Na ga lokacin da abin ya faɗo mata, don kunnuwanta har motsi suka yi. Ta gyara murya.

"Dokar ragin nan," ta ce, "dama gwaji ce. An soke ta. Kuma daga yau nama a bargo zai riƙa kwana, tunda ba ya shan gas. Kaka, a ƙara?"

"Kankare mini gindin tukunyar."

Suka shiga gardamar ko bargon Abba zai yi warin albasa kafin ya dawo, Mama na dariya ta manta da kuncinta, Kaka na cewa shi zai haɗa wa tukunyar akwatin katako mai murfi. Na tattara farantan a hankali, na Kaka a sama, ba komai cikinsa sai sawun yatsa. Kafin wani ya tuna ya tambayi wadda ta yi girkin, na sulale ta bayan kujerar Mama na shige kicin, na kunna famfo.