Abin da Ba a Tabbatar Ba

Sunayen da Injiniya ya shigar da hannunsa sun ɓace, shi kuwa sai ga shi yana murmushi.

Ya sake gwadawa, don kada a ce ya yi gaggawa. Ya ƙirƙiro wani majinyaci, ya ba shi suna da shekaru da rukunin jini, ya ga layin ya zauna daram a fuskar kwamfuta. Ya rufe manhajar, ya sake buɗewa. Wayam! Sai ya jingina da kujera, ya harɗe hannuwa a kan tumbi, irin zaman mutumin da ya daɗe yana cewa za a yi ruwa, ga shi an fara yayyafi.

"Auta," ya kira 'yarsa, "zo ki ga aikin baƙonki."

Baƙon nan ba mutum ba ne. Wani ɗan guntun manhaja ne da masu sana'ar ke kira direba, ba kuwa na mota ba. Tafinta ne tsakanin kayan aikin da ake gina manhaja da su da rumbun da ake adana bayanai: wannan ya faɗa, shi ya juya wa wancan. Ɗakin gwajin jinin da ke ƙasan ofishinsu yana da wani tsohon rumbu mai taurin kai, wanda Injiniya ya rubuta wa direba da kansa tun Auta tana rarrafe. Yanzu likitan wurin yana so sakamako ya riƙa isa ga mutane ta waya. Auta ta kawo sababbin kayan aiki da za su iya wannan, sai dai su da direban mahaifinta ba sa jin yaren juna. Shi ne ta nemo wani a intanet, wanda wasu mutane da ba a san fuskarsu ba suka rubuta, suka sake shi kyauta.

Nan fa ake yin ta. Injiniya mutum ne da ko fankar ofis ta tsaya ba ya kiran mai gyara. Dokarsa ɗaya ce tun yana saurayi: abin da hannunsa bai rubuta ba, ba ya kwana a injinsa. Da ƙyar da siɗin goshi Auta ta samu ya yarda a gwada baƙon, shi ma a kan kwafin rumbun, ba na gaskiyar ba.

Amma a gaskiya ba direban ne ke ci masa rai ba. Wani babban kamfani a can wani gari mai nisa ya yi wa Auta tayin aiki, kuma yau suke jiran amsarta. Yayyenta duk sun watse, babu wanda ya taɓa sha'awar sana'ar. Ita kaɗai ce tun tana ƙarama take hawa cinyarsa tana danna masa abin da bai sa ta ba. Yana so ta zauna. Yana so ƙwarai, har abin yana hana shi cin abinci. Da ta tambaye shi ra'ayinsa kuwa, buɗar bakinsa sai ya ce, "Allah ya zaɓa mafi alheri," ya ci gaba da goge tabarau.

Ba wai bai yi komai ba. Ya matsar da teburinta kusa da taga, inda iska ta fi shigowa. Ya sauya mata kujerar nan mai gurguwar ƙafa. Ya je wurin mai yankan makulli ya yanko mata mabuɗin ofis, ga shi nan a aljihunsa har ya fara huda masa riga.

"Ka buɗe baki ka faɗa wa yarinyar nan mana," in ji matarsa.

"Labarin zuciya a tambayi fuska," ya ce.

"Taka fuskar? Ai ko an tambaye ta ba ta amsawa. Shekara nawa ina tambaya?"

To ka ji dalilin murmushin. Idan baƙo ya gaza, dole a zauna a rubuta sabon direba na gida, aikin watanni, kuma ya san halin 'yarsa, ba ta barin aiki a rabi. Za ta zauna ke nan ba tare da ya roƙa ba. Faɗuwa ta zo daidai da zama.

Auta ta jawo kujera ta zauna kusa da shi. Ya maimaita mata abin da ya yi, yana yi yana kallonta ta gefen ido: ya shigar, ya gani, ya rufe, ya buɗe, babu.

"Kin gani ko? Abin kyauta ke nan. Ya ce maka ya karɓa, ka juya baya ya zubar. Da a ce jinin mutane ne na gaskiya fa?"

Ta jawo linzamin kwamfutar, ta gangara cikin layukan da ya rubuta, tana cije leɓe yadda shi ma yake yi in yana karatu. Can ta tsaya.

"Baba, ina umarnin tabbatarwa?"

"Tabbatar da me? Na miƙa, ya karɓa, na gani da idona."

"Naka ne ke haka. Kai ka gina shi yadda da an miƙa masa abu zai adana, ba ya jiran a ce masa komai. Wannan kuwa riƙewa yake yi a hannu, yana jira ka ce masa ka tabbatar. In ka rufe ba ka faɗa ba, sai ya ɗauka ka fasa, ya mayar da komai yadda ya same shi."

"Kai! Wannan ai wauta ce. Wa zai zauna ya rubuta abu sannan ya fasa?"

"Ba wauta ba ce, Baba. A ce an rubuta sunan mutum, kafin a rubuta sakamakonsa wuta ta ɗauke. Gara a rasa duka da a adana rabi, a ba wani jinin da ba nasa ba. Shi ya sa yake jira." Ta ɗan yi dariya. "Kuma bai san ka ba. Naka tare kuka tsufa, ya san abin da kake nufi. Wannan baƙo ne, ba zai yi maka duba ba."

Injiniya ya san wannan tsari sarai, ya ma taɓa koyar da shi. Sabo ne kawai ya rufe masa ido, don ya yi shekara da shekaru yana aiki da abin da ba ya buƙatar a yi masa magana. Kunya ta kama shi. Bayan kunyar sai wani abu ya biyo. Tsoro ne. Layi ɗaya za a ƙara, aiki ya ƙare a yau, babu sauran watanni.

Ƙarar injin gwajin jini tana tasowa daga ƙasa, wani yana jan benci a baranda. Ya cire tabarau zai goge, sai ya ajiye shi haka nan.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Wannan aikin na mutanen can." Ya yi gyaran murya. "Ni dai, da za ki bi ta tawa, da kin zauna. Ina so ki zauna. Ofis ɗin nan naki ne."

Ta daɗe tana kallonsa. Idanunta suka kawo ruwa, ba ta share ba.

"Na aika musu da amsa tun da hantsi," ta ce a hankali. "Na karɓa. Da safe da na kawo maka shayi, na tsaya a nan, a bayanka, har ya huce. Na ce ko za ka ce wani abu. Sai ka ce in duba ko an kawo wuta."

Ya tuna. Wallahi ya tuna, har da yadda ya ji tsayuwarta a bayansa ya ƙi juyowa.

"Teburin fa?" ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Da kujerar?"

"Na ɗauka surutuna ne ya dame ka, ka matsar da ni nesa."

Dariya ta so ƙwace masa, ta fito wani iri. Ya sa hannu a aljihu, ya ciro mabuɗin, ya ajiye a gabanta. Sabo fil, ko sau ɗaya bai taɓa shiga ƙofa ba.

"Tun watan jiya na yanko shi. Ki tafi da shi, ba zan canja kwaɗon ba." Ya kau da kai. "Kuma hannunki ya fi nawa a aikin nan. Na daɗe da sani."

"Sake faɗa, Baba, ban ji ba."

"Ke, tashi ki ba ni wuri!"

Ta yi dariya tana share hawaye da gefen mayafi, ta damƙe mabuɗin a tafin hannu, amma ba ta tashi ba. Injiniya ya mayar da tabaransa, ya jawo allon rubutun kwamfutar. Da yatsu biyu, a hankali, ya ƙara layin da ya rage. Ya shigar da suna, ya tabbatar, ya rufe manhajar, sannan ya sake buɗewa.

Sunan yana nan.