Majken Ba Ta Fito Ba

Ylva ta sake bin kawunan yaran da ido. Duk sun fito daga dajin suna haki, kowa da taswirarsa a hannu, ban da Majken, ƙaramarsu.

Shekarar Ylva sha tara, kuma yau aka fara bar mata yaran ƙungiyarsu ta tseren daji ita kaɗai. Ita ta kakkafa tutocin da suke tseren nema a daji da taswira da kamfas mai nuna alƙibla. Aikin sa kai ne. A jikin mota kuwa ga Torvald, wakilin gidauniyar da ake roƙo ta ɗauki nauyin kwas ɗin matasa masu horarwa, ya zo ganin aikinta. Gunvor, tsohuwar shugabar ƙungiyar, tana ta ɗura masa kofi da surutu.

Sai ƙarar bindiga ta tashi daga wajen fadama. Ashe mafarauta sun fito.

Gunvor ta matso, ta yi ƙasa da murya. "Ke 'yar nan, saki fuskarki. Zaga ta baya ki nemo ta, ni zan riƙe shi da hira. In ya ji yarinya ta ɓata, mun tashi a tutar babu."

"Gwaggo Gunvor, kin ji harbin nan kuwa?"

"Can nesa ne."



Ylva ta busa usur da iya ƙarfinta. "Majken ba ta fito ba! Gwaggo, kira shugaban mafarauta su dakata. Iyaye, ku bi bakin hanya. Torvald, kai ma taho!"

Suka kutsa cikin itatuwa. Ruwan fadama ya kai mata gwiwa, sanyinsa har ƙashi. Tana kiran sunan yarinyar, dajin na dawo mata da shi. Aka sake harbi, wannan karon kusa. Torvald ya durƙusa ba shiri. Ylva kuwa ba ta tsaya ba, don abin da take gani a ranta ya fi harsashi ban tsoro: uwar Majken tana buɗe mata ƙofa, ita kuma ta zo da mummunan labari.

A bayan wani ƙaton dutse suka same ta, a tsugune, ta toshe kunnuwanta, leɓɓanta sun yi shuɗi. Ba ta ji ciwo ba.

"Na juya taswirar ne," in ji Majken. "Za ki yi faɗa?"

Ylva ta durƙusa gabanta. Ta cire rigar sanyinta ta naɗe ta, ta goya ta.

Da suka dawo, uban yarinyar ya karɓe ta ya sa a mota, ko kallon Ylva bai yi ba. Torvald ya tsaya, wandonsa na ɗigar laka.

"Aikin wa ne a tuntuɓi mafarauta kafin a saki yara?"

"Nawa, ina jin," in ji Ylva.

"Wa ya koya miki haka?"

"Babu wanda ya taɓa faɗa mini."

Ya juya ya dubi Gunvor, ita kuma ta dubi ƙasa.

"Ku turo ta kwas ɗin," in ji shi. "Da duk wanda kuke bar wa yara."

Gunvor ta fara zuba godiya. Ylva ta zaga bayan mota ta yi amai, sannan ta zauna a ƙasa.