Kilomita Huɗun da Ba a Taka Ba

Ba don babur ɗin wani malamin makaranta ba, da Auta bai bi ta bayan ma'aikatar ruwa ranar Alhamis ɗin nan ba. Ya gama yi masa garambawul ne, yana so ya ji kukan injin a doguwar hanya kafin ya miƙa wa mai shi. Hanyar kuwa ya san ta kamar yunwar cikinsa. Shi ya auna ta wata goma da suka wuce, shi ya bi ta da gwangwanin jan fenti yana rubuta 1, 2, 3, 4 a jikin katangu da turakun lantarki, ya dangwara 5 ɓaro-ɓaro a ƙofar filin makaranta, inda 'yan ƙungiyar gudu ke tashi suke kuma ƙarewa.

Da ya zagayo ƙofar filin sai idonsa ya faɗa kan mitar da ke ƙirga kilomita, don al'adarsa ce ba ya gwada abin hawa bai mayar da ita sifili ba. Huɗu da ɗigo uku.

Ya yi tsaki, ya ce har mitar malam ta gaji da koyarwa. Amma abin ya tsaya masa a rai. Ya koma gareji ya ari sabon babur ɗin mai shagon kusa, wanda ko ledar kujera ba a ɓare ba, ya sake zagayawa. Huɗu da ɗigo uku. Ya ɗauko na uku, haka. Sannan ya hau nasa, tsohon amininsa mai akwati a baya, ya zagaya a hankali kamar mai rakiyar gawa, ya tsaya daidai jan fentin. Biyar cif.

Nan ya sauka daga babur. Ya zauna a bakin kwalbati, gumi na keto masa, ya tuna. Bara waccan mitar babur ɗinsa ta mutu, ya ciro ta wani ƙaton babur da aka yasar a bayan gareji ya ɗaura. Ta zauna daram, allura na motsi, shi ke nan ya manta. Mita kuwa juyin taya take ƙirgawa, ba hanya ba. An yi ta don babbar taya, shi kuma tasa ƙarama ce. Wannan ko ɗan koyo na wata uku ya sani, balle mutumin da ake kira Injiniya yana amsawa.

Su goma sha huɗu ne a ƙungiyar, ba ɗan wasa ko ɗaya: tela, lauya, mai burodi, malamai mata biyu, da sauran masu tumbi da suka gaji da faɗan likita. Shugabarsu wata ma'aikaciyar jinya ce da kowa ke kira Sista, mace gajera mai muryar da ke tsayar da ƙato. Tun ranar da Lauya ya afka kwata yana duba waya a guje ta kafa doka: kowa ya zo, wayarsa ta shiga akwatin babur ɗin Auta, sai an gama. Saboda haka ba mai wani ma'auni sai agogon hannun Sista da jan fentin bango. Auta shi ba ya gudu. Aikinsa bin su da jarkar ruwa da man shafawa na matsematsi, yana yi musu ba'a. Yakan ce wanda Allah ya ba taya bai ga abin da zai sa ya wahalar da ƙafa ba.

Duk wannan da sauƙi, ba don Yaya ba.

Yaya shi ya riƙe Auta tun rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi koyon aiki da hannunsa. Bayan ya yi ritaya daga gidan waya sai hawan jini ya kayar da shi, ɓarin hagu ya ɗan taɓu. Ya warke, amma ya samu wata kujerar roba a baranda ya zauna, shekara biyu cur, yana kallon ƙofar gida kamar mai jiran saƙo. Auta ne ya ɗauko shi a bayan babur ya kai shi wurin Sista. Da tafiya ya fara, daga ƙofar fili zuwa jan 1. Yau ga shi ya yi rajistar babban tseren gari, kilomita arba'in da biyu, yana da shekara sittin da ɗaya. Sista da likitansa sharaɗi ɗaya suka gindaya masa: sai ya yi talatin a atisaye, mako uku kafin ranar, an auna jininsa an ga lafiya. Ya yi. Zagaye shida, Auta na biye da shi yana kirari.

Auta ya ɗauki tsinke ya yi lissafi a ƙasa, ya goge, ya sake. Huɗu da ɗigo uku sau shida, ko ashirin da shida bai cika ba. Kuma ya ga yadda Yaya ya ƙare zagayen nan na shida: leɓe ya yi fari, ƙafar hagu tana jan ƙasa. Sista kullum cewa take gudun gaskiya daga talatin yake farawa, kafin nan duk gaisuwa ce. Ashe Yaya ko ƙofar gidan bai kai ba. Tsere kuma saura kwana goma.

Da yamma ya tafi gidan da niyyar faɗa. Matar Yaya ce ta tare shi a tsakar gida tana kwashe shanya.

"A'a, mijina na biyu! Yau wace rana? Ko ƙamshin miya ne ya kai gareji?"

Bai iya rama wasan ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Ta bi shi da kallo.

A falo ya tarar da Yaya ya miƙe ƙafa a kan tabarma yana shafa mai. Lambar tseren, 2318, tana maƙale a labule da fil huɗu, inda duk mai shigowa zai gani. Takalman an wanke an jera su a kan jarida.

"Auta, zo ka ga wannan." Ya ɗaga babban ɗan yatsa, farcen ya yi baƙi ƙirin. "Sista ta ce faɗuwa zai yi. Ta ce duk ɗan gudun da bai yar da farce ba yawo yake yi." Ya yi dariya har da tari. "Ka san abin da nake gaya wa kaina? Talatin tana aljihu. Sha biyu ce ta rage. Sha biyu kuwa ko da rarrafe."

"Haka ne, Yaya," in ji Auta.

Aka kawo abinci, ya ci bai san me ya ci ba. Da zai fita ya ga kujerar robar nan a bayan ƙofa, an ɗora mata buhun gawayi. Tsoro ya kama shi iri biyu, ya rasa wanda ya fi. In ya yi shiru, Yaya zai shiga kilomita sha shida da jikinsa bai taɓa gani ba, da ranar tsaka, da wannan ƙafar. In ya yi magana, ana iya sauke buhun gawayin nan.

Ranar Juma'a ya ɗaure birkin wani a baibai, ya zuba wa wani baƙin mai sau biyu. Ya yi tunanin ya je ya goge fentin a ɓoye, ya ga ba abin da zai gyara. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

Asabar da sassafe suka taru a ƙofar fili, kowa na miƙa jijiya. Tela na ba da labarin yadda yake cin zagaye a minti ashirin da biyu, yana cewa da ya fara da wuri da yanzu a talabijin ake ganinsa. Aka zuba wayoyi a akwati. Sista ta ɗaga agogo.

"Sista, dakata," in ji Auta. Muryar da ta fito ba tasa ba ce. "Zagayen nan ba biyar ba ne."

"Ba biyar ba ne kamar yaya, Injiniya?"

"Huɗu ne da ɗigo uku. Mitata ce ba daidai ba. Tun farko."

Wani ya yi dariya, ya ga shi kaɗai ke yi, ya haɗiye. Mai Burodi ya zauna a ƙasa daɓas. Ɗaya daga cikin malaman ta dafe kai tana salati. Tela ya buɗe baki, yatsunsa na motsi yana lissafi, sannan ya ce a hankali, "Wato ni ba kowa ba ne?"

"Wata goma!" in ji Lauya. "Wata goma muna yi wa juna tafi a kan ƙarya!"

Sista ta sauke agogo. Ta buɗe akwati ta ɗauki wayarta, ta karya dokarta da hannunta, ta hau bayan babur ɗin ta ce, "Ja mu je." Suka zagaya. Da suka dawo ta daɗe tana kallon wayar, kamar in ta ƙura mata ido lambar za ta ji kunya ta sauya.

"Gaskiya ya faɗa," ta ce. "Ku masu ƙuruciya, wanda ya ga zai iya ya shiga, amma ya rage buri, ya yi tafiya in ta kama." Sai ta juya ga Yaya. "Baba, kai kam a'a."

Yaya yana tsaye inda yake tun ɗazu, hannu ɗaya a kan katanga, ƙafa ɗaya a lanƙwashe ta baya. Sai yanzu ya sauke ta.

"Zan yi talatin ɗin gobe, 'yata. Zagaye bakwai. Ki tsaya da agogonki."

"Saura kwana takwas, Baba. In ka yi talatin gobe, da wane jiki za ka yi arba'in da biyu? Ba a fafe gora ranar tafiya. Na ga ƙafarka ran nan, na ce ai talatin ce, dole ta ja. Ashe a ashirin da shida take ja." Idonta ya kawo ruwa, amma muryar ba ta girgiza ba. "Ba zan sa hannu ba. Likitanka ma zan gaya masa."

Yaya ya gyaɗa kai. Ya juyo ya dubi ƙaninsa.

"Yaushe ka sani?"

"Shekaranjiya, Yaya."

"Shekaranjiya." Yaya ya maimaita. "Shekaranjiya ka ci abinci a gidana. Na nuna maka farce."

Da mari ya yi masa a gaban jama'a da ya fi sauƙi. Yaya ya karɓi wayarsa daga akwati, ya sa a aljihu, ya kama hanyar gida da tafiya irin ta tsofaffi, wadda Auta ya yi wata goma bai gani ba.

Aka yi tsere ba Yaya. Mutum tara suka shiga, shida suka kai, Tela ya shigo da takalmi a hannu yana rantsuwar ya daina cika baki. Auta ya ba da ruwa a bakin hanya kansa a ƙasa. Sau uku yana zuwa gidan Yaya, sau uku matar na cewa yana kwance. A zuwa na uku ba wasa a bakinta. Ta nuna masa baranda da haɓa. An sauke buhun gawayin, kujerar na nan a wurinta na da, an goge ta tas. A labule kuwa saura ramukan fil huɗu.

Ya koma gareji ya rufe ƙofa ya yi kuka, ƙato da shi, gemu da furfura.

Talatar da ta biyo ƙungiya ta dawo atisaye. Auta ya zo da jarkarsa don bai san abin da zai yi in bai zo ba. Yana kashe babur ya ga mutum a jikin katanga, ƙafa ɗaya a lanƙwashe ta baya, leda a hannu. Ashe Yaya ne.

"Ina kwana, Yaya."

Yaya ya sauke ƙafarsa. Hannu ya miƙo. "Makulli."

Auta ya ba shi. Yaya ya miƙa wa Mai Burodi, wanda gwiwa ta hana shi gudu tun ranar tsere, ya ce yau shi ne mai ruwa. Sannan ya jefo ledar a gaban Auta. Tsofaffin takalmansa ne, waɗanda ya fara tafiya da su.

"Kwana tara ina zaune a kujerar nan," ya ce. "Na ga ba ta da daɗi kamar da. Shekara mai zuwa akwai wani tseren, Sista ta ce in na yi talatin ta gaskiya za ta sa hannu. Amma na gama yarda da taya. Sa takalmi."

"Yaya, ni ban taɓa..."

"Ni na taɓa ne da ka ɗauko ni?"

Aka tashi. Kafin su wuce ma'aikatar ruwa ƙirjin Auta ya kama wuta, cinyoyinsa na gugar juna, ga Mai Burodi a kan babur ɗinsa yana tambayarsa ko yana son man shafawa. Sauran suka yi nisa. Yaya kaɗai ke gefensa, yana taku ƙanana, numfashi a daidaice. Can Auta ya hango jan 1 a jikin turken lantarki, rubutun hannunsa. Ya tattara abin da ya rage masa ya kai, ya rungume turken yana haki, yawu na zuba.

"Ɗaya," ya ce da kyar. "Na yi ɗaya, Yaya."

Yaya bai tsaya ba, gudu yake a wuri ɗaya yana jiransa.

"Wannan taka ce," ya ce. "Ta gaskiyar tana can gaban shagon mai walda. Saki turken mutane, mu je."